Rufin Motar Attahir

A duk garin Tawa babu wanda ya kai Baƙo iya ɗinkin kujeru da rufin cikin mota, babu kuma wanda ya kai shi taurin kai. Mota in ta shiga rumfarsa, ba ta fita sai ransa ya kwanta da ita, ko da mai ita zai yi birgima a ƙasa.

A shekarar tamanin da huɗu, shekarar da damina ta yi ƙarya, wani direba mai suna Attahir ya kawo masa tsohuwar Fijo 403, wadda ake kira kat-san-turwa. Buzu ne, ya yi shekara shida yana tuƙi a Arlit, ya sayi motar a hannun wani Bature, makanikai suka tashi injin, aka yi fenti. Abin da ya rage rufin ciki, wanda ya zazzago kamar tsumma. Attahir sauri yake yi. Ya ji dabbobin danginsa sun ƙare a arewacin Takanamat, yana so ya je ya ɗauko mahaifiyarsa Kadidiya kafin yunwa ta riga shi.

Baƙo ya yage tsohon rufin, ya zare ƙarafa biyar masu lanƙwasa da ke riƙe da shi, ya jera su bi da bi don kada su cakuɗe. Sai dai yadin da zai sa babu. Sojojin Nijeriya sun rufe iyaka, abin da ake kawowa daga Sakkwato ya yanke. Attahir ya ce a bar shi haka, zai tafi da ƙarfen tsirara. Baƙo ya yi tsalle ya dire, ya ce a wannan zafin rana ƙarfe zai dafa kan tsohuwa kafin a kai rabin hanya, shi kuma ba a fita da rabin aiki daga rumfarsa. Gaskiya akwai tausayi a maganar, amma girman kai ya fi yawa. Haka motar ta yi mako uku.

Wata ranar kasuwa Baƙo ya ga wata tsohuwar Buzuwa zaune a gefen masu itace, gabanta ƙunshin jar fata. Ɗakin fata ne irin wanda suke kafawa a daji, fatun awaki da yawa an haɗe su da ɗinki mai kyau. Ya shafa, ya ji laushi, nan take ya ga rufin mota. Ya ba ta hatsi tiya ashirin. Ta riƙe gefen fatar tana ta yi masa magana da yarensu, tana nuna shi, tana nuna gari. Bai ji ko kalma ba, ya dai riƙa gyaɗa kai har ta saki.

Ya koma rumfa yana jin daɗin kansa. Buzu, a ganinsa, me zai fi so a kansa da jar fata? Bai gaya wa Attahir ba, so yake ya ba shi mamaki. Ya wanke maiƙo da jan garin da ke jiki don kada zafi ya narkar da su. Ya zaɓi tsakiya, inda ta fi laushi, ya yanka gida shida, ya haɗa a keken ɗinki, ya yi wa kowane ƙarfe aljihunsa. Ragowar ya ba dukawan bakin kasuwa, suka yi takalma da ita. Ya fara ɗaurawa daga gilashin baya, ƙarfe bayan ƙarfe, yana ja yana miƙewa, ya shafa gam ya tura gefuna ƙarƙashin roba. Ko ƙanƙanin tattara babu.

Kwana tara da sayen fatar ya aika aka kira Attahir. Ya buɗe masa ƙofar baya da kansa, ya ce ya shiga ya ɗaga kai.

Attahir ya shiga yana dariya, ya ɗaga kai, dariyar ta tsaya. Ya miƙa yatsa ya taɓa wani ɗan faci mai kusurwa uku da ke kusa da fitilar rufi.

"Malam Baƙo, ina kas samu wagga hwata?"

Baƙo ya ce a kasuwa.

"Ɗakin uwata na. Ni na ƙona nan da itacen wuta ina yaro, ita tal liƙe shi da hannunta."

Attahir ya gaya wa Baƙo cewa a wurinsu ɗaki na mace ne, uwarta ke haɗa mata shi ranar aure, a ciki take haihuwa, kuma ba a ganinsa a kasuwa sai in mai shi ta mutu ko ta kai maƙura. Baƙo ya ce ai da ranta, a hannunta ya saya. Sai bayan maganar ta fita ya gane abin da ya faɗa: tsohuwar da ake gyara mota dominta tana cikin Tawa tun kwana tara, ba ta da inuwa, shi kuwa yana nan yana gyara tattara.

Suka shiga motar suka nufi arewacin gari, inda waɗanda fari ya koro suka zube, sojoji suna raba musu jar dawa. Suka yi ta tambaya daga tsumma zuwa tsumma. Wajen la'asar suka same ta ƙarƙashin wata aduwa, ta rataya zane a reshe. Ta rame har Baƙo bai shaida ta ba sai da ta yi magana.

Ta kama kan ɗanta ta daɗe tana shafawa. Daga nan ta hango Baƙo tsaye a baya, fuskarta ta washe. Ta nuna shi tana magana da sauri, da murna. Attahir ya sunkuyar da kai. Baƙo ya matsa masa ya faɗi abin da ta ce.

"Ta ce kai na mutumen kirkin da ka aje mata ɗakinta. Ta hwaɗa maka ran nan ka riƙe shi har ɗanta shi zo, kai kau ka yarda. Ta ce in maida maka hatsinka, mu biya mu ɗauka."

Baƙo bai taɓa jin kunya da tsoro irin na wannan lokaci ba. Don kada ta shiga motar, ya ce ko a nemo amalanke a kai ta gari, Attahir ya ce ba za ta iya zaman amalanke ba.

Suka tallabe ta su biyu, ba ta fi nauyin buhun ƙaiƙayi ba. Tana ta sa wa Baƙo albarka har bakin mota. Shi ya riƙe ƙofar, Attahir ya zaunar da ita a kujerar baya, ya gyara mata ƙafafu. Ta jingina, ta sauke numfashi, sannan ta ɗaga kai.