Soson da Ke Ƙafar Kafinta

"Riƙe ƙafar nan sosai," in ji Mai Guga. "Sai karkarwa kake kamar ɗan tsako."

"Hannunka ne ke rawa, tsoho," Kafinta ya amsa daga kan katifa.

Shekara talatin katanga ɗaya ce tsakaninsu. Ciwon suga ya ci diddigen Kafinta na hagu har ƙashi ya leƙo. 'Yarsa ta tafi aiki, bandeji ya jiƙe yana wari, shi kuwa Mai Guga bai taɓa ganin datti ya kau da kai ba. Ya kwance bandejin. Cikin gyambon ya ga wani farin abu mai ƙananan huji kamar soso.

"Dubi aikin 'yan asibiti. Auduga suka manta maka."

"Ni dai sun ce kar a taɓa."

"Sun ce."

Ya tsoma hantsaki a ruwan zafi, ya shiga tsincewa. Abin ya manne, jini ya biyo shi. Kafinta ya ciji hularsa.

Da la'asar 'yar ta dawo, ta tarar da abin a faranti, ta juya ga Mai Guga.

"Baba, me ka yi? Likita ne ya dasa shi! Nama ke bin hujin nan yana hawa har ya cike ramin, shi kuma ya narke. Sati uku ke nan, ya fara kamawa."

"A mayar," in ji Mai Guga.

"Ba a mayarwa, Baba."

Zazzaɓi ya rufe Kafinta; a asibiti aka ce ba za a dasa wani ba sai ya sauka. Bai sauka ba. Mai Guga ya tare likita a baranda.

"Ni ne na jawo?"

"Wataƙila cutar ta riga ta shiga jini. Wataƙila ba ta shiga ba. Ba wanda zai iya gaya maka."

Mai Guga ya koma ya tsaya bakin gado, hannu a baya. Kafinta ya buɗe ido da ƙyar.

"Ka tare mini iska. Zauna mana."

Ya zauna. Kwana tara yana zuwa yana zama. Ran na goma, da hantsi, Kafinta ya cika.

Da ake kwashe kayan ɗakin, Mai Guga ya jawo takalman mamacin daga ƙarƙashin gado. Na dama ya cinye har ya huje. Na hagu kuwa sabo fil, sai ƙura. Ya goge shi da bakin rigarsa, ya jera su a bakin ƙofa.