Kati Mai Lamba Biyu

Igiyar takalmi ce ta cuce ni. Ina ɗan shekara goma, ni da Amadeo Belsué muka tafi ofishin ƙungiyar ƙwallon garinmu mu yi rajista. Ni na zuga shi, ni na san hanya, ni ke gaba. Muna isa bakin ƙofa igiyar takalmina ta kwance, na sunkuya in ɗaure, shi kuwa gogan ya raɓa ni ya shige abinsa. Aka ba shi kati mai lamba 412, ni aka ba ni 413.

A wurinmu lambar katinka ita ce shaidar daɗewarka. Kowace shekara ka zo da ƙafarka ka sa hannu a babban littafin mambobi. Bayan 'yan shekaru a cire waɗanda suka mutu da waɗanda suka yi fashi, kowa ya matsa gaba. Muka sauko ɗari uku, muka sauko casa'in, muka sauko goma sha, kullum Amadeo na gabana da taki ɗaya. Shekara sittin da biyu ina kallon ƙeyarsa. Da aka binne tsohon mai gidan burodin kan kwana, wanda ke riƙe da lamba ɗaya, sai ga Amadeo lamba ɗaya, ni Saturnino Ezquerra lamba biyu.

Da a ce muna nan a ƙananan rukunoni inda muka saba, da ko a jikina. Wa ya damu da lamba ɗaya a filin da akuya ke kiwo bayan raga? To sai ga shi a wannan shekarar, karon farko tun da aka kafa ƙungiyar, muka hau rukunin farko. Manyan Madrid da na Barcelona suka fara sauka a garinmu da dogayen motocinsu, 'yan jarida na biye da su. Kuma duk ɗan jaridar da ya sauko daga mota tambayarsa ɗaya ce: ina mai lamba ɗaya?

Amadeo fa! Mutumin da har yau bai gane satar gida ba. In za a buga fenareti sai ya ja hularsa ya rufe ido. Rabin wasa yana ɓare pipas, 'ya'yan nan masu gishiri, yana tofa mini ɓawon a kan takalmi. Ni na yi shekara talatin da takwas ina rubuta takardun kaya a tashar jirgin ƙasa, kuma da wannan hannun na rubuta sunan duk ɗan wasan da ya taɓa sa mana riga, littafi goma sha huɗu suna nan a akwati. Babu wanda ya ce in buɗe ko ɗaya.

Wata Lahadi a hutun rabin lokaci, filin gaba ɗaya na ƙarar kwance takardar azurfar da ake naɗe guzuri ana cin burodi, wata yarinya daga gidan talabijin ta zo da mai ɗaukar hoto.

"Don Amadeo, wane wasa ne ba za ka taɓa mantawa da shi ba?"

Ya sosa kai, ya waiwayo ni. "Satur, wane ne wannan da aka yi ruwan sama?"

"An yi ruwan sama a wasa ɗari biyu," na ce.

"Wanda kare ya shigo fili."

Na faɗa masa shekarar, da ƙungiyar, da wanda ya ci ƙwallon da kai a minti na tamanin da bakwai. Ya maimaita wa yarinyar, har ya ɓata sunan mutumin. Washegari aka nuna shi a labarai, ni kuwa gwiwar hannuna kawai ta fito a gefen hoton. Yarinyar na tafiya ya raba burodinsa na wainar ƙwai da dankali gida biyu kamar yadda ya saba, ya miƙo mini rabin da ya fi girma. Na karɓa na ci.

Matata Herminia ta gane ni tun kafin in buɗe baki.

"Kai dai hassada za ta kashe ka, tsoho. Mutumin da ya riƙe maka zobe ranar aurenmu?"

"Wa ya ce ina hassada? Gaskiya nake so a bi."

"Gaskiyar igiyar takalmi? Na ji ta sau dubu. Ci miyarka kafin ta huce."

Hassada ce, kuma na san hassada ce. Har da tsakar rana ina zaune a dandali ina ba tantabaru ɓarɓashi sai in ji abin ya taso mini.

A watan Maris shugabannin ƙungiya suka sanar cewa a wasan ƙarshe na gida, kafin alƙali ya busa, mai lamba ɗaya zai taka har tsakiyar fili ya yi bugun girmamawa, gaban mutum dubu goma sha takwas da talabijin ta ƙasa baki ɗaya. Lokacin muna can ƙasan teburin gasa, kowa ya san ba lallai mu sake ganin rukunin farko ba. Bugu ɗaya ne, ba za a maimaita ba. Amadeo ya fara gwaji a tsakar gidansa da ƙwallon roba, ya fasa wa 'yarsa tukunyar fure biyu. Ya kira ni in gani.

"Da cikin ƙafa ko da tsini, Satur?"

"Da duk inda ka ga dama."

"Haba mutumina, koya mini mana. Kada in faɗi a gaban duniya."

Na koya masa. Na dawo gida na ɗauko takarda da alƙalami.

Akwai abin da na sani wanda ba kowa ya sani ba. Dokar ƙungiya ta ce mai kati shi zai sa hannu da kansa, wanda wani ya sa masa kuwa shekarunsa sun yanke daga nan. Lokacin da rabin samarin garin nan suka tafi Jamus neman aiki, Amadeo ya yi shekara biyu a wata masana'antar taya bai leƙo gida ba. Amma a littafi akwai sa hannunsa na shekarun nan biyu. Na san haka domin ni na yi su. Kafin ya hau jirgi ya riƙe hannuna a tasha ya ce kada in bari lambarsa ta mutu, ni kuma na yi sati ina koyon karkataccen rubutunsa na bahago.

Na rubuta wa kwamiti wasiƙa ba suna. Na ce a duba shafukan shekarun nan biyu, a tambayi kowa inda Amadeo yake a lokacin. Na sa a ambulan, na jefa a akwatin gidan waya na bayan coci don kada a gan ni a namu layin.

Bayan kwana goma sakataren ƙungiya, Don Fulgencio, ya aiko a kira mu mu biyu. Na sa rigata ta zuwa coci. Ina tafe ina tsara yadda zan nuna baƙin ciki in aka miƙo mini lamba ɗaya.

Muka tarar da tsofaffin littattafan a buɗe a kan tebur, wasiƙata a gefe. Don Fulgencio ya cire tabarau ya murza ido.

"Don Amadeo, an ce shekara biyu kana Jamus. Haka ne?"

"Haka ne."

"To wa ya sa maka hannu?"

Amadeo ya sunkuya a kan littafin. Daga nan idonsa ya koma kan wasiƙar, ya daɗe a kanta. Wasiƙa nawa na aika masa Jamus da wannan rubutu na ma'aikacin tasha, mai dogayen wutsiyoyi? Na ga kunnuwansa sun yi ja. Bai dube ni ba.

"Na manta," ya ce. "An daɗe."

"To. Kwamiti ya ce tunda abin ya kai ga rubutu, dole a bi doka, kuma ba a kanka kai kaɗai ba. Mun duba na mutum ashirin na farko." Ya jawo wani littafin ya juyo shi wajena. "Don Saturnino, wannan hannunka ne?"

Sunana ne, amma ya karkata baya kamar iska ta kaɗa shi. Na duba shekarar. Shekarar da muka faɗa rukuni na uku ce, aka ci mu biyar a gida. Ranar na yayyaga katina a bakin ƙofar fili, na watsa wa mai gadi a fuska, na rantse ni da ƙungiyar nan har abada. Kakar wasa guda ban taka filin ba. Da fushina ya huce na koma ofis a sunkuye, magatakardan lokacin ya miƙo mini sabon kati da lambata daram. Shekara ashirin da biyu ina ɗauka mantuwa suka yi, har ina yi musu dariya a raina.

"Ni ne," in ji Amadeo. "Shi bai sani ba. Ku bar masa tasa, Don Fulgencio, laifina ne."

"Ba ni da iko. Wanda ya rubuto wasiƙar nan ya kawo har lambar dokar."

Aka ce mu ci gaba da zama a kujerunmu har kaka ta ƙare, amma lambobinmu sun mutu. In muna so, a watan Yuli mu zo mu yi rajista kamar sababbi. Muka fito. A kan matakala na buɗe baki, Amadeo ya ɗaga hannu ya ce 'yarsa na jiransa, ya bi ta wancan titin.

Da na faɗa wa Herminia ba ta yi faɗa ba, kuma na fi son a ce ta yi. Ta kwashe kwanuka ta shige kicin ta rufe ƙofa.

Ranar wasan ƙarshe mai lamba uku ne ya taka fili: Don Casimiro mai kantin magani, wanda duk garin ya san zuciyarsa na wajen wata ƙungiyar Madrid, mai tashi saura minti goma don kada cunkoso ya tare shi. Ya fito da kwat da farin gashinsa a shafe, ya buga ƙwallon da tsinin takalmi ta gangara gefe, fili ya ɗauki tafi. Amadeo na gefena. Ban taɓa ganinsa da taye a wuya a filin ƙwallo ba sai ranar, shi ne wanda 'yarsa ta saya masa don wannan bugu. Ya yi tafi tare da mutane. Na kalli ƙafarsa ta hagu, na ga ta ɗan motsa daidai lokacin da Casimiro ya buga, da cikin ƙafa, yadda na koya masa.

A hutun rabin lokaci ya kwance burodinsa, ya raba biyu, ya ajiye rabi a kan gwiwata ba tare da ya juyo ba. Ban iya ci ba. Muka tashi kunnen doki, bai ishe mu ba, muka koma rukuni na biyu. Har yau ba mu sake hawa ba.

Ranar farko ta rajista a watan Yuli na tafi da sassafe don kada in haɗu da shi. Ina shan kwana na hango shi a bakin ƙofar ofis, ya jingina da sandarsa, mutane na wuce shi suna shiga. Ashe ya fi awa guda a nan. Na yi niyyar juyawa, ya riga ya gan ni.

"Ka makara, Satur."

"Amadeo, wasiƙar nan..."

"Na sani." Ya tura ƙofar da kafaɗa, ya riƙe ta a buɗe. "Duba takalminka. A ɗaure yake?"

Na duba. A ɗaure yake.

"To wuce."

Na wuce. Yarinyar da ke kan tebur ba ta san mu ba, ta tambayi sunana har sau biyu. Ta ba ni 11,206, ta ba shi 11,207. Ya ɗaga katinsa kusa da ido ya karanta, ya leƙa nawa, ya gyaɗa kai.

"Shi ke nan, ka wuce ni," ya ce. "Yanzu sai ka bar ni in kalli ƙwallo lafiya."

Katin na nan a aljihun rigata. Ban taɓa jin kunyar wani abu da na mallaka kamarsa ba, kuma kowace Lahadi dole in fito da shi in nuna a bakin ƙofa, Amadeo na tsaye a bayana.