Hannun Ubale

A shekarar da gwamnati ta ce baƙi marasa takarda su koma ƙasashensu, babu wanda ya kai Ubale mai shayi murna a Kwanar Dangora. Ya daɗe yana faɗa cewa tun da aka buɗe iyaka mutanen Nijar suka cika tasha. Su suka sa sukari ya yi tsada, su suka sa rijiya ta ja baya. Abin da bai taɓa faɗa ba shi ne, Idi mutumin Tawa ta Nijar, wanda ya kafa tebur a tsallaken titi, ya fi shi iya haɗa shayi.

Wahalar ita ce gane baƙon. Harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, takarda kuwa ba mai ita, har 'yan gari. Da jami'in da aka turo daga birni ya rasa ta yi, Ubale ne ya matso.

"Ranka ya daɗe, a duba lambar rigakafi. Mu a damtse ake mana, su a sangalin hannu."

Aka jera mazan tasha, kowa ya naɗe hannun riga. Idi ya miƙa nasa: tabo a sangali, tabo a damtse. Iyayensa 'yan cirani ne, duk ƙasar da masu allura suka tare su sai su tsaya, don baƙo ba ya gardama.

"Rabinsa namu ne," in ji jami'in. "Wuce."

Aka zo kan Ubale. Hannu sumul, sama da ƙasa.

"Malam, kai ina taka?"

Aka aika gida, mahaifiyarsa Inna Furera ta iso tana haki.

"Yallaɓai, ni na ɓoye shi a rumbu ranar da masu lamba suka zo. Mu 'yan gari ba ma miƙa 'ya'yanmu. Ai sai baƙi!"

"Inna, dokar ɗanki ce, ba tawa ba. Ya je can iyaka su tantance."

Ubale ya hau bayan babbar mota yana lissafa kakanninsa da ƙarfi, ba mai saurare. Idi ya tsallako titi ya miƙa masa burodi.

"Maƙwabci, in ta kai ka Tawa, tambayi gidan yayata Safara'u. Ba sa duba hannu."

"Teburina fa?"

"Kwantar da hankalinka. Masu shan shayinka ba za su yi ƙishi ba."