Allurar da aka ajiye a gindin randa

Barau na Balan shi ne ya fara karɓar allurar ciwon hanta, irin wanda likitoci ke kira nau'in si, a ƙauyukan da ke tsakanin Gaya da Ajingi, a shekarar 2011. Ya sha zazzaɓi, ya rame, daga bisani aka auna jininsa aka tarar ƙwayar cutar ta ɓace. Da shi Malam Abdurra'uf na Gafasa ya kafa hujja kafin ya yarda a tsira masa allura, domin a gidansu ba a taka hanyar da wani bai riga ya taka ba.

Allurar tana son sanyi, Gafasa kuwa ba ta da wutar da za a dogara da ita. Lauratu, matar Malam, ita ce ta ɗauki wannan nauyi. Takan naɗe kwalaben, ta binne su cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa, ta riƙa yayyafa ruwa kafin ya bushe. Ko biki ta daina zuwa. Aka kammala allurai, aka auna, cuta tana nan daram.

Hure, yayar Malam, ba ta jira bayanin kowa ba. "Barau a firji ya ajiye tasa," in ji ta a gaban mata. "Ke kuwa kin rufe magani kamar mai haɗa daddawa. Kin lalata shi, kin bar mini ƙane da ciwo."

Maganar ta zaga gari.

Likitan da ke duba shi a Kano yana bincike a kan masu irin ciwon, ya kuma ɗebi 'yar tsokar hantarsa tun farko. Ya zaunar da Malam da Lauratu.

"Malam, maganin nan yana da ƙofofin da yake kamawa a jikin hanta. Wani jikin yakan samar da su da yawa, wani kaɗan. Naka kaɗan ne ƙwarai. Ko a ƙanƙara aka ajiye allurar, da wuya ta yi maka aiki."

"Wato na Barau sun fi nawa?"

"Ban ga hantar Barau ba. Halitta ce dai, ba laifin kowa ba."

Lauratu ta ji kamar an sauke mata dutse daga ka. Har ta tsara yadda za ta gaya wa Hure cikin ladabi.

Da suka sauka a tashar Gaya, Malam ya gyara rawaninsa. "Abin da aka faɗa a ɗakin can, a can ya tsaya."

"Malam, Yaya Hure fa? Sunana fa?"

"Kakana ya tsufa yana karantarwa. Mahaifina bai taɓa kwanciya asibiti ba. Ba a kaina za a fara cewa jinin gidan nan yana da nakasa ba. Ki tuna 'yarki Hidaya, an soma aiko da tambaya a kanta."

Ta tuna, ta fasa gaya wa Hure.

Bayan wasu shekaru aka kawo ƙwayoyin haɗiya waɗanda ba ruwansu da waɗannan ƙofofi. Malam ya sha, ya warke. Hure ta ce ai dama, tunda wannan karon a aljihunsa ya riƙe abinsa.

Malam ya sami lafiya. Hidaya ta sami gida na mutunci. Zuriya ta riƙe sunanta ba tabo. Lauratu ta riƙe gaskiyar da ba ta da wanda za ta faɗa wa, kuma har yau a Gafasa ba mai ba ta ajiyar ko maganin tari.