Birki Ya Koma Gaba

"Miƙe ta," in ji Muttaƙa mai walda. "Miƙe ta duka, Dogo. Kai za ka hau moton ga, ba ni ba."

Chindo, wanda Muttaƙa ke kira Dogo, ya gyara zama a kan babur ɗin, ya miƙe ƙafarsa ta dama har tafin ya dafe ƙarfen kariya da ke gaban inji. Muttaƙa ya ja layi da alli a daidai wurin, ya koma gefen hagu ya yi wani. Sai ya ja da baya yana kallon abokinsa, ya fashe da dariya.

"Wallahi kamar mai jiran a yanke mai ƙumba."

"Yi aikinka, rana na yi."

Tun fitowar rana suke wannan aiki a rumfar Muttaƙa, bayan tashar Birnin Konni. Shekara goma sha ɗaya Chindo yana kabu-kabu tsakanin tasha da bakin iyaka, har ranar da wani bijimi ya tsallako masa hanya, wata huɗu da suka wuce. Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙashi ya kama, amma gwiwar dama ta ƙi lanƙwasuwa. Tana ɗan yarda kaɗan, daga nan sai ta cije. Shi kuwa babur, matakansa a tsakiya suke, ƙarƙashin mazauni, kuma duk wanda ba ya iya naɗe ƙafa ba shi da wurin zama a kansa.

Ba rashin aikin ne ya fi damun Chindo ba. Matarsa Saratu ta tafi wankan jego gidan iyayenta a Bazaga, ta haifi 'yarsu ta fari, Nasiba. Kwana arba'in suka cika, suka wuce, aka shiga wata na uku. Duk lokacin da ya aika a tambayi ranar dawowa, amsar surukinsa Malam Alkasum ɗaya ce: ya zo a kan babur ɗinsa, shi da kansa yana tuƙi, a ga cewa ya koma sana'a, sannan ya ɗauki iyalinsa. Tsohon ba mugu ba ne. Mutum ne da ba ya yarda da labari sai ya gani. Chindo kuwa kewa ta cinye shi, har ya fara yi wa kajin Saratu magana.

A wayar wani fasinja ya taɓa ganin manyan baburan Turawa, masu su sun kishingiɗa, ƙafafu can gaba. Wannan hoton ya kawo wa Muttaƙa. Muttaƙa ya yanke tsofaffin matakan, ya liƙa sababbi a kan layin alli, ya samo rodin gini guda biyu, ɗaya ya haɗa birkin ƙafa, ɗaya ya haɗa giya. Da ya gama, babur ɗin ya fito da ƙahoni biyu a gaba, waldar ko fenti ba ta gani ba.

Chindo ya hau, ya tayar, ya zaga fili sau ɗaya. Gwiwa shiru. Ya ji wani daɗi ya taso masa tun daga ciki, irin wanda ya manta da shi.

"Tsaya, ka ji ni da kyau," in ji Muttaƙa. "Ƙahwarka ba ta san an yi ƙaura ba. Shekara goma sha ɗaya tana taka birki nan ƙasa. Ka yi kwana ukku kana zagaya hilin ƙwallo kahin ka shiga mutane. Kuma birkin hannunka ya mutu tun bara, bari in sa maka waya."

"Wane ɗan kabu-kabu ka gani shina kama birkin hannu? Kwana ukku! Yau ɗin ga za ni Bazaga."

"To, ka gaida man jaririya, in ka isa."

Tun a cikin gari ya fara gane cewa akwai abin da bai lissafa ba. Ya bi ta gaban majalisar dattawan da ke zama kusa da masallacin unguwarsu, ya ɗaga hannu ya yi sallama kamar kullum. Maimakon amsa sai ya ga an bi shi da ido. Mutum ne kwance a kan babur, ya saki baya, ya nuna wa manya tafin ƙafa biyu. Wani tsoho ya tambayi na kusa da shi, da ƙarfi yadda za a ji, ko ɗan wane sarki ne wannan. 'Yan kabu-kabu na tasha kuwa ihu suka sa, suna kiran sa Alhajin Amirka. Wannan sunan ya yi masa daɗi, ba zai ɓoye ba.

Amma da ya fita gari ya kama hanyar Bazaga, tsakanin gonakin da aka gama girbe, sai maganar dattawan ta dawo masa. Idan dattawan unguwa sun ji haushi, ina ga suruki? Mutumin da Chindo bai taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kama sunansa ba. Sai ya tsara abin a ransa. Zai taho a hankali yadda tsohon zai hango shi yana tuƙi, ya tsaya can nesa wajen rumbuna, ya sauka, ya cire takalmi, ya ƙarasa da ƙafa kamar ɗan mutunci. A hanya ya gwada birkin sau biyu, yana kallon ƙafarsa yana gaya mata inda za ta. Ta bi umarni.

Malam Alkasum yana zaune a kan tabarma a gindin bishiyar bedi da ke ƙofar gidansa, da abokan hirarsa uku, ana ɓarar gyaɗa. Chindo ya hango su, ya hango rumbuna, ya sassauta. A daidai nan Saratu ta leƙo ta kan danga, da jaririya a kafaɗa. Wata uku bai ga fuskar nan ba. Ya manta da ƙafa, ƙafa kuma ta tuna da gidanta na da. Ta ja baya, ta taka inda birki yake shekara goma sha ɗaya, ta sami iska. Gwiwa ta ba shi wani zafi har cikin haƙori. Ya damƙi birkin hannu, ya tuna da Muttaƙa. Ya mai da ƙafar gaba yana lalube, rumbuna suka wuce, kaji suka watse, abokan hira uku suka tashi da saurin da iyalansu ba su san suna da shi ba.

Yashi ne ya taimaka, sannan birkin da ya samu daga ƙarshe. Babur ya tsaya da tayar gaba a kan tabarma, ya mutu. Ƙafar hagu ta sauka cikin tiren gyaɗa. Ta dama kuwa tana nan a miƙe bisa matakinta, da takalmi, tafinta bai fi taƙi ɗaya ba daga gemun Malam Alkasum, wanda ko motsi bai yi ba.

"Salamu alaikum, Baba," in ji Chindo, da muryar da shi kansa bai gane ba.

Tsohon ya dubi tafin takalmin, ya ƙarasa tauna gyaɗar da ke bakinsa. "Wa alaikumus salam. Ka iso lahiya, na gani."

Chindo ya sauko, ya ja babur baya, ya fizge takalma, ya yi niyyar tsugunawa. Nan ma gwiwa ta ƙi. Hagu ta durƙusa, dama ta sake miƙewa gaba, ta sake nuna surukin. Daga bayan danga aka ji wata dariya da aka toshe da gyale. Da ƙasa za ta buɗe a lokacin, da Chindo ya gode mata.

Malam Alkasum ya tashi da sandarsa, ya zaga babur ɗin. Ya ƙwanƙwasa rodin, ya taka sabon birkin da hannu, ya leƙa wurin da aka yanke tsohon.

"Wa yay yi wanga aiki?"

"Muttaƙa na, Baba. Irin na Turawa na, na Amirka."

"Amirka," in ji tsohon. "Shekara sittin ina hawan jaki. Can baya aka zama, a saki ƙahwahu gaba. Ashe sai yanzu sunka gane."

Abokan hira, da suka dawo suna kakkaɓe riguna, suka yi dariya har da tari. Chindo ya sunkuyar da kai. Ya riga ya ga kansa yana komawa Konni shi kaɗai, wurin kaji.

"Na ce ka zo kana tuƙi, ka zo," in ji Malam Alkasum. "Tahiya ka iya. Tsayawa ta ba ka iya ba. Ɗiyata da jikata ba su hawa abin da ba shi tsayawa." Ya juya wajen danga. "Saratu, haɗa kayanki. A ɗaura ma Gambo amalanke."

Gambo jakin gidan ne, kuma duk Bazaga an san halinsa. Yana cikin tafiya sai ya tsaya cak, ba dalili, ba sanarwa, sai ya gama tunaninsa.

"Ni za ni kai su," in ji tsohon. "Kai ka biyo mu baya, kusa, inda za ni ji numfashin motonka. In tayarka ta taɓa amalanke sau guda, in juya da su gida, mu sake zance bayan wata."

Haka Alhajin Amirka ya koma Birnin Konni, a giya ta ɗaya, bayan jaki. Malam Alkasum yana gaba da linzami, bai waiwayo ba. Saratu tana zaune a kan ƙullin kaya tana fuskantar baya, Nasiba a cinyarta. Gambo ya tsaya a bakin gari, ƙafar Chindo ta fara ja baya, ya daka mata tsawa a zuci, ta dawo. Gambo ya sake tsayawa wajen rijiya. Ya tsaya don wata jaka da ya hango a gona. Ya tsaya sau biyu a fili fetal inda babu ko ciyawa. Gumi ya jiƙa rigar Chindo, inji ya yi zafi yana gasa masa ƙauri.

"Ka rame," in ji Saratu a hankali, don kada mahaifinta ya ji.

"Kar ki yi man magana, ina aiki."

"To, dubi hancinta dai. Naka na."

Ya duba. Gambo ya tsaya. Sai da babur ya tsaya cak sannan Chindo ya lura cewa bai gaya wa ƙafar komai ba, ita ta je da kanta. Saratu ta gani, ta yi murmushi, ta gyara wa yarinya hula.

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka shiga gari. 'Yan tasha suka ga jerin gwanon, suka rasa ma irin ihun da za su yi. Muttaƙa ya fito bakin rumfarsa da gilashin walda a goshi, ya bi su da kallo baki buɗe. Chindo bai dubi kowa ba, idonsa na kan katakon amalanke.

A ƙofar gida, Gambo yana cikin tafiyarsa lafiya, tsohon ya ja linzami da gangan, da ƙarfi. Tayar babur ta tsaya, saura yatsa huɗu ta taɓa amalanke. Malam Alkasum ya sauko, ya zago, ya sa sandarsa a tsakanin taya da katako, ya ga ta shige.

"Sauka, Saratu."

Aka shimfiɗa wa tsohon tabarma a zaure, aka kawo ruwa. Chindo ya cire takalma, ya dafa bango, ya fara kokawar tsugunawa don ya yi godiya, yana neman inda zai ɓoye ƙafar dama. Tsohon ya sha ruwa, ya ajiye kwanon, ya matsa gefe ya bar masa rabin tabarma.

"Zamna nan," ya ce. "Miƙe ta."