Gwiwa a Kafaɗar Dattijo

Wanne ne baiwa, idon da ya san inda ƙwallo za ta faɗo, ko ƙafar da za ta iya kaiwa wurin? Na daɗe ina juya wannan tambaya ban samo bakin zarenta ba. Alhaji Bukar ma bai samo ba, duk da cewa a jikinsa ya ɗanɗana ta.

Alhaji Bukar ma'aikacin ofishin jakadanci ne a unguwar Zamalek ta birnin Alƙahira, ya ba hamsin baya. Iyalinsa suna Maiduguri saboda karatun yara. Shi kaɗai yake kwana yake tashi a gida mai ɗakuna uku, in ya dawo daga aiki sai ya kunna rediyo don kada ya riƙa jin kukan firji. A ofis ana ce masa ranka ya daɗe, a bakin ƙofa bawwab, wato mai gadi, yana ce masa ya basha. Wuri ɗaya ne a duk Alƙahira ake kwaɗa masa kira da sunansa tsirara, wato filin ciyawar da ke bayan wata makaranta, inda wasu 'yan tsiraru ke haɗuwa ranar Juma'a da safe suna buga ƙwallon Ostireliya.

Ya koyi wasan ne yana matashi, lokacin da aiki ya kai shi Ostireliya. Ƙwallon doguwa ce kamar gwanda, in ta taɓa ƙasa babu wanda ya san inda za ta nufa. Ana bugun ta da ƙafa, ana kama ta da hannu. Wanda ya cafke ta a sama kafin ta sauka, kowa sai ya ja baya ya ba shi wuri ya buga abinsa. Kuma doka ta yarda mutum ya taka bayan wani ya ƙara tsawo, in dai ƙwallon yake nema.

Tun mai bugu bai ɗaga ƙafa ba Alhaji Bukar ya san inda za ta faɗo. Yakan taka a hankali ya je ya tsaya, ta kuwa zo daidai kansa. Sai dai gwiwoyinsa sun gaji. Yana nan tsaye wani zai zo ya ɗauke ta ta saman kansa.

Shi ne ya kawo Ukasha filin. Ɗalibi ne ɗan Gusau da ke haya a unguwar Abbasiya, dogo, marar yawan magana. Abokan ɗakinsa sun kammala sun koma gida, shi kuwa yana maimaita shekara. In Ukasha ya yi tsalle sai ka ce ƙasa ce ta tura shi. Turawan filin har tsayawa suke yi suna kallo. Amma kullum tsallen nasa a inda babu ƙwallo yake yi, ya sauko hannu wayam yana waige-waige.

Wata Juma'a Isam, ɗan Labanan da ya tashi a Ostireliya, wanda shi ne ke shirya wasan, ya kira Alhaji Bukar da Ukasha gefe. Ya ce wasu za su zo daga Iskandariyya a yi gwabzawa ta gaske, kuma gurbi ɗaya ne ya rage a gaba.

"Ma'alish, ku yi haƙuri, ya jama'a," in ji shi. "Ɗaya yana da ido, ɗaya yana da ƙafa, da ana ɗinke mutane da na ɗinke ku. Juma'a mai zuwa zan zaɓa. Wanda ya rage ya riƙe mana tutoci a bayan turaku."

Alhaji Bukar ya san mai tutoci. Tsayawa yake can ƙarshen fili shi kaɗai, ya ɗaga farin ƙyalle in an ci. Babu mai kiran sunansa.

A mota, yana kai Ukasha tashar jirgin ƙasa ta metro, suka hau gada. Can Alhaji Bukar ya ce, "Shehi, ka daina kallon ƙwallo. Ni za ka riƙa kallo. Inda na tsaya, nan za ta sauka. Ka taho da gudu ka ɗora gwiwarka a kafaɗata ka ɗauke ta."

Ukasha ya juyo da sauri. "Subhanallahi! Baba, in taka ka?"

"Doka ta yarda."

"Dokar Turawa ta yarda. Ni ko takalminka ba zan tsallake ba. Sa'an mahaifina ne kai fa."

"Mahaifin naka yana sa gajeren wando ya yi gudu a gaban jama'a? A filin nan ni ba baban kowa ba ne."

"Wallahi ba zan iya ba. Kuma Baba, in na kama, ai kai za a ba tutoci."

"Wannan ya dame ni, bai dame ka ba."

"Khalas, Baba. A bar maganar."

Ya sauka ya shige cikin cunkoson tashar, kansa ya fi na kowa tsawo har ya ɓace.

Duk makon Alhaji Bukar bai samu natsuwa ba. Yaron ya ƙi, ke nan gurbin nasa ne, ba tare da ya cuci kowa ba. Isam zai fi son wanda ƙwallo ke samunsa a kan wanda ke tsalle a banza. Ya kamata ya yi murna, amma abin ya ƙi zama masa. Yakan tambayi kansa, shin don yaron ya yi tayin, ko don ya gaji da ganin abin da ya hango tun daga nesa yana tafiya hannun wasu? In kuwa na biyun ne, to kyauta ce ko son kai? Ya kuma tuna ɗakin Abbasiya da ya taɓa leƙawa, katifu uku a jingine da bango, ɗaya kawai a shimfiɗe. Shi ma yaron ba shi da wurin shiga mutane sai filin nan na Juma'a.

Juma'ar ta zo. Isam ya raba 'yan wasan gida biyu, ya tsaya a gefe ya harɗe hannu yana kallo. Sau biyu Alhaji Bukar ya je ya tsaya, ƙwallon ta zo, wani Bature mai jan gemu ya ɗauke ta ta saman kansa. Ukasha yana can gefe, ya yi tsalle ɗaya mai kyau a kan iska. Aka yi dariya, ba ta mugunta ba, amma Alhaji Bukar ya ga yadda yaron ya sunkuyar da kai, ya ga kuma idonsa ya kai kan tutocin da ke ajiye a ciyawa.

Aka sake ɗaukar ƙwallo daga tsakiya. Alhaji Bukar ya duba kafaɗun mai bugu, ya ji iskar da ke tasowa daga wajen kogi, ya taka zuwa hagu ya tsaya. Mai jan gemu ya biyo shi. Wannan karon bai ɗaga hannuwansa ba. Ya buɗe ƙafafu, ya dafa cinyoyinsa, ya ɗan duƙa, ya buɗe murya yadda bai taɓa yi ba a ƙasar nan.

"Ukasha! Don girman Allah, taho!"

Bai juya ba. Inuwar ƙwallon kawai yake gani tana gudu a kan ciyawa tana nufo shi. Ya ɗauka yaron ba zai zo ba. Sai ya ji takun ƙafa a bayansa, mai nisa tsakanin taku da taku, ya ji murya tana haki kusa da kunnensa.

"Ka yafe mini, Baba."

Gwiwar ta sauka a kafaɗarsa da nauyinta duka, Ukasha ya tashi sama.