Baƙin Man Giyar Zamani

Duk Kafanchan babu mota irin ta Zamani, tsohuwar a-kori-kura ta Amurka wadda ba ta da kuloci, ita ke canja wa kanta giya. Wani Baturen mishan na Kagoro ne ya bar masa ita da zai koma gida a 1971. Ga kowa abin kallo ce, ga Zamani kuwa ita ce rayuwa, domin tun da ya dawo daga yaƙi ƙafarsa ta hagu ta shanye. Ba ya iya taka kuloci. In wannan mota ta mutu, to, tuƙinsa ya ƙare ke nan.

Shekara shida yana jigilar citta da doya tsakanin Godogodo da tashar jirgin ƙasa. Wanki kam tana sha duk Asabar, har a ga fuska a jikinta. Amma man giya? Ko sau ɗaya! Shi bai ma san ana canja shi ba, bawan Allah.

Da ta soma fizga a hawan Kagoro, sai ya kai ta wurin Dozie, bakaniken da ke bayan kwatas ɗin reluwe. Dozie ya zaro ma'aunin man giyar, ya sunsuna, ya kawar da kai.

"Oga Zamani, wannan mai ja ne fa asalinsa, kamar manja. Duba shi yanzu, baƙi ƙirin, yana warin ƙuna."

"To, a zubar, a zuba sabo."

"Sannu dai. Giyan ya cinye a ciki. Wannan datti da kake gani, shi ne yake riƙe da shi. Bari mu rage kaɗan kaɗan, kowane wata, muna cikawa da sabo."

Zamani ya ji kamar an zage shi. Datti ke riƙe da motarsa? Motar da yake gogewa da tsohuwar rigarsa? Kunya ta kama shi, daga kunya sai taurin kai, ya ce a tsiyaye shi tas. Dozie ya yi magiya har sau uku, ya gaji, ya kwanta ƙarƙashin mota. Sai dai ya tara baƙin man a galan ya miƙa masa.

"Ajiye wannan. Kar ka zubar."

Kwana tara tana tafiya sumul, Zamani yana ta yi wa Dozie tsiya a tasha. Ran na goma, da lodin citta a baya, ya sa giya ya taka totur. Inji ya yi ta kuka, mota ko motsi. Ya sake. Ya kashe ya tayar, ya sake. Gumi ya karyo masa, tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko a bakin daga.

Dozie ya zo a kan keke, bai ce "na gaya maka" ba, Allah ya yi masa albarka.

"Ina galan ɗin nan? Mu mayar da tsohon. Wani lokaci yana kamawa."

Ai man ya riga ya tafi. A nan, wa ke ajiye baƙin mai alhali gara na cin katako? Matarsa Angelina ce shugabar zumuntar mata, ta ce ƙafafun bencinan majami'a duk gara ta huda su, shi da kansa ya ɗauki galan ya kai. Ran Asabar ɗin da ta wuce mata suka shafe benci goma sha huɗu, har fasto ya yi masa godiya a gaban jama'a.

"Ko ɗigo bai rage ba?"

"Har galan ɗin sun ɗauraye da kananzir."

Dozie ya zauna a kan marfin bayan motar. Kayan cikin giyar nan, in ji shi, ko a Kaduna ba a samu, ko a Legas sai an yi sa'a. Giyar hannu ta wata tsohuwar mota dai yana da ita a garejinsa, zai iya ɗora mata. Bai ƙarasa ba, don dukansu sun san abin da ke biye da giyar hannu.

Zamani ya share fuska da hularsa. Ya ce, "Dozie, kulocin nan, dole sai da ƙafa ake taka shi?"

Dozie ya dube shi, ya dubi mazaunin direba. Ya tashi ya ciro igiya daga aljihu.

"Shiga ka zauna. Miƙo hannunka na dama, in gwada tsawonsa, mu haɗa wa kulocin sandar da za ka riƙa ja da hannu."